Ina John Surratt Yake a Daren da Aka Harbi Lincoln?

  

Yau zan ɗauke ku zuwa Amurka, fiye da shekara 150 baya. Maganar wani saurayi ce da mahaifiyarsa. An zarge su da laifi ɗaya, wato hannu a kisan shugaban ƙasa. Uwar an rataye ta kafin a cika wata uku. Ɗan kuwa ya gudu, aka kamo shi, aka gurfanar da shi, ya fita daga kotu da ƙafarsa, ya rayu har ya tsufa. Zan gaya muku ra'ayina tun yanzu, don kada in ja ku da nisa. Ɗan ya fi uwar nutsewa cikin makircin nan. Abin da ya raba makomarsu shi ne irin kotun da kowannensu ya tsaya a gabanta, da lokacin da ya tsaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu fara da daren kansa. Ranar Juma'a ce, 14 ga Afrilu, 1865. Yaƙin basasar Amurka ya zo gangara. Shekara huɗu ke nan jihohin Kudu suna yaƙi don su ɓalle, su ci gaba da riƙe bayinsu, baƙar fata kusan miliyan huɗu. Kwana biyar kafin wannan dare, babban kwamandan Kudu, Janar Robert Lee, ya miƙa wuya. Birnin Washington ana ta shagali. Shugaba Abraham Lincoln ya ɗauki matarsa, suka tafi kallo a gidan wasan kwaikwayo na Ford. Ana tsakiyar wasa, wani fitaccen ɗan wasa mai suna John Wilkes Booth ya lallaɓo ta baya, ya harbe shi a ƙeya. Da safe Lincoln ya cika.

A wannan daren dai, wani ƙato mai suna Lewis Powell ya kutsa gidan sakataren harkokin waje, William Seward, ya yi ta daɓa masa wuƙa yana kwance a gadon jinya. Seward ya sha da ƙyar. An kuma ɗora wa wani George Atzerodt kashe mataimakin shugaban ƙasa, Andrew Johnson. Shi kam zuciyarsa ta karaya, ya je ya yi ta ɗirkar giya. Kun ga ke nan abin shiri ne na gungu.

Kafin gari ya waye, jami'an tsaro sun buga ƙofar wani gida a titin H, cikin Washington. Gidan wata mata ce, Mary Surratt. Mijinta ya rasu, tana ba da ɗakuna haya tare da abinci don ta riƙe kanta. Jami'an nan ɗanta John suka zo nema. Ta ce musu yana Kanada. Daga nan tambayar ta taso, tambayar da aka yi shekaru ana gardama a kanta. Ina John Surratt yake a daren da aka harbi Lincoln?

To, kafin mu nemi amsa, wane ne shi?

Saurayi ne ɗanye shakaf. Ana gobe za a yi harbin nan ya cika shekara 21. Ɗan Katolika ne daga jihar Maryland, har ya fara karatu a makarantar horar da limaman coci. Mahaifinsa ya rasu a 1862, sai ya bar karatu ya dawo gida. Suna da masauki da mashaya a wani ƙauye da ake kira da sunan gidansu, Surrattsville, kuma gidan waya na ƙauyen a nan yake. John ya gaji aikin gidan wayan, gwamnati ta gano zuciyarsa tana Kudu, ta tsige shi. Gidansu gidan masu bayi ne, kada mu manta da wannan. Daga nan ya zama ɗan aiken asiri na 'yan awaren Kudu. Yana ɗaukar wasiƙu, yana ƙetare kogin Potomac cikin dare, ya san kowace hanya da kowane mai kwale-kwale. Irin mutumin da Booth yake nema ke nan ruwa a jallo.

A ƙarshen Disamba 1864, wani likita mai suna Samuel Mudd ya haɗa su a Washington. A nan ku saurara da kyau, domin a nan ne maganar ta rabu biyu. Shirin farko na sace Lincoln ne. A yi garkuwa da shi, a ƙetara da shi Richmond, hedkwatar 'yan aware, a ce ba za a sake shi ba sai an saki sojojin Kudu da ke tsare. A wannan shiri John Surratt na hannun daman Booth ne. Shi ya jawo Atzerodt, saboda ya iya ƙetarar da mutane kogi. Ta hanyarsa Powell ya shigo. Gidan uwarsa ya zama wurin shiga da fita. Shi da abokansa suka kai bindigogi biyu mashayarsu ta ƙauye, aka ɓoye a hannun wanda yake hayar wurin, John Lloyd.

Ranar 17 ga Maris, 1865, suka hau dawaki da makamai, suka fita tare hanya. Sun ji labarin Lincoln zai je kallon wasa a wani asibitin soja a gefen gari. Lincoln ya sauya shawara, bai bi ta nan ba. Suka dawo a fusace, hannu rabbana. Wannan fita ba zato ba ce, jama'a. John Surratt da bakinsa ya amsa ta daga baya, a gaban taro.

Bayan wannan sai hanyarsa ta rabu da ta Booth, aƙalla a zahiri. Ya tafi Richmond. Sakataren harkokin wajen 'yan aware, Judah Benjamin, ya ba shi saƙo ya kai Kanada. Ya ratsa ta Washington ranar 3 ga Afrilu, ranar da Richmond ta faɗi, ya wuce Montreal. A can wakilin 'yan aware, Janar Edwin Lee, ya ba shi wani aiki. Ya je garin Elmira a jihar New York, ya leƙo kurkukun da ake tsare da dubban sojojin Kudu, ya ga ko za a iya fasa shi. John ya ce a Elmira yake ranar Juma'ar nan, a wani otal, da sunan John Harrison. Ya ce da safiyar Asabar ya ji labarin. Da ya fahimci nemansa ake, sai ya cika wandonsa da iska, ya koma Kanada. Gwamnati ta sa tukwicin dala 25,000 a kansa.

Yanzu mu bar shi a can, mu koma gefen uwa.

Daren Litinin, 17 ga Afrilu, sojoji suka dawo gidan titin H, wannan karon don su tafi da ita. Suna tsaye suna jiran keken doki, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ƙato ne, tufafinsa duk laka, ya saɓa diga a kafaɗa, ya ja hannun riga ya rufe kansa a maimakon hula. Aka ce me ya kawo ka da wannan dare? Ya ce matar gidan ce ta ɗauke shi haƙar lambatu, ya zo ya ji ƙarfe nawa zai fara da safe. Aka kira Mary, aka ce kin san wannan? Ta ɗaga hannu ta rantse ba ta san shi ba, ba ta kuma ɗauke shi aiki ba. Mutumin nan Lewis Powell ne, wanda ya yanki Seward. Kuma ya taɓa kwana a gidan nan. Lauyoyinta sun ce idonta ba ya gani sosai, balle da dare. Amma wannan rantsuwa ta bi ta har kabari.

Ba ita kaɗai ce hujjar ba. Ranar da aka yi kisan, da rana, Mary ta je Surrattsville. Ta ce bashi ta je bi. Amma ta tafi da wani ƙunshi da Booth ya ba ta, madubin hangen nesa ne a ciki. Lloyd mai mashaya ya ba da shaida cewa ta ce masa ya shirya bindigogin nan, za a zo karɓa da dare. Kuma da tsakar dare Booth da yaronsa David Herold sun tsaya a can, sun karɓi bindiga da madubin. Ɗaya mai ba da shaidar shi ne Louis Weichmann, ɗan haya a gidanta, abokin John tun makaranta.

Ni ba zan ce muku matar nan ba ta san komai ba. Zai yi wuya a ce mutane irin waɗannan suna shiga gidanta suna fita, ita kuma ba ta ji ko ƙishin-ƙishin ba. Amma sanin ana ƙulla wani abu daban ne, sanin cewa yau za a kashe shugaban ƙasa daban ne. Shaidu biyun nan kuwa kowannensu wuyansa yana cikin haɗari. Lloyd shi ya ɓoye bindigogi, kuma ya yarda a buge yake ranar. Weichmann ya san da yawa, ya daɗe yana zaune cikinsu. Mutumin da ya san in bai ba da wani ba shi za a ɗauka, shaidarsa tana bukatar a tace ta da kyau.

Wa zai tace? A nan ne matsalar take. Booth ya mutu, sojoji sun harbe shi ranar 26 ga Afrilu a wani rumbun taba a Virginia. Sauran takwas da ke hannu, har da Mary, aka kai su kotun soja, alhali kotunan farar hula a buɗe suke a Washington. Hafsoshi tara ne alƙalai, mutanen da aka kashe musu babban kwamanda. Waɗanda ake tuhuma ba a ba su damar ba da shaida da bakinsu ba. Ba a bukaci dukkan alƙalan su yarda ba kafin a yanke hukuncin kisa. Ba ɗaukaka ƙara, sai dai roƙon shugaban ƙasa. Wanda ya rayu a zamanin mulkin soja a ƙasashenmu ya san irin wannan kotu, ba sai an yi masa bayani ba.

Cikin mako bakwai aka gama. Huɗu rataya, har da Mary, huɗu ɗauri. Amma ku ji wannan. Biyar daga cikin hafsoshin tara sun sa hannu a takarda, suna roƙon sabon shugaba, Andrew Johnson, ya mayar da hukuncin Mary ɗaurin rai da rai, saboda mace ce kuma ta manyanta. Wato su kansu alƙalan hankalinsu bai kwanta ba. Johnson ya ce shi bai taɓa ganin takardar ba. Babban lauyan soja, Joseph Holt, ya ce ya nuna masa. Sun mutu kowa yana kan bakansa.

Safiyar 7 ga Yuli, 'yarta Anna ta je fadar shugaban ƙasa tana kuka, aka hana ta ganinsa. Wani alƙalin farar hula ya ba da umarni a kawo matar gabansa, Johnson ya soke umarnin. Powell, da ya tabbata shi kam ya gama, ya yi ta cewa matar nan ba ta da laifi. Da rana tsaka, ana tsananin zafi, aka hau da su huɗu kan dandamali. Aka zaunar da ita a kujera, wani yana riƙe mata laima, ana karanta hukunci. Aka ɗaure mata hannu da ƙafa. Ita ce mace ta farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta zartar wa hukuncin kisa.

Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka an riƙe ta ne don ɗan ya fito. Bai fito ba. Hausawa suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya san hanyoyi, ya san Richmond, ya san masu ba da kuɗi, yana can ɓoye. Wadda take kusa, a cikin gidanta, ita aka kama.

To, ina yake duk wannan lokaci? Mu bi sawunsa.

Yana wani ƙauye a Kanada, St. Liboire, a gidan wani fada mai suna Charles Boucher. Limaman Katolika suka ɓoye shi har damina ta ja. A watan Satumba ya rina gashi, ya sa tabarau, ya shiga jirgin ruwa zuwa Liverpool a Ingila da sunan McCarty. A cikin jirgin bakinsa ya kasa shiru, ya yi ta ba likitan jirgin labari. Suna sauka likitan ya kai rahoto ofishin jakadancin Amurka. Ofishin ya aika Washington. Amsa ta dawo cewa kada a ɗauki mataki. Bayan 'yan makonni ma aka janye tukwicin da aka sa a kansa.

Ku tsaya a nan kaɗan. Gwamnatin da ta yi gaggawar rataye uwa ta san inda ɗa yake, ta ƙyale shi. A ganina sun gane cewa duk ranar da ɗan ya tsaya a kotu, shari'ar uwar ce za a sake buɗewa.

Daga Ingila ya wuce Italiya. A lokacin Fafaroma yana da ƙasa tasa da sojojinsa. John ya shiga rundunar sa-kai ta Fafaroma da sunan John Watson, ya sa kakinsu mai buhun wando. Sai ga wani tsohon sani daga Maryland, Henri Sainte-Marie, shi ma ya shiga rundunar. Ya gane shi, ya kai maganar wurin jakadan Amurka a Roma. A watan Nuwamba 1866 hukumomin Fafaroma suka kama shi a garin Veroli, wani gari a kan dutse. Washegari da sassafe, masu gadi sun fito da shi, sai ya yi wuf ya tsallake katanga ya faɗa kwazazzabo. Wani tudu ya tare shi a ƙasa, ya miƙe, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya kai Naples, ya shiga jirgi, ya ratsa ta Malta.

Kuma a ina gudun ya ƙare? A nahiyarmu. A Iskandariya ta Masar. Labarinsa ya kai can. Ƙaramin jakadan Amurka, Charles Hale, ya same shi cikin fasinjojin da aka killace saboda gudun annoba, har lokacin yana sanye da kakin sojan Fafaroma. Jirgin yaƙin Amurka ya ɗauko shi, ya iso Washington a Fabrairu 1867.

A nan ne maganar ta juya, jama'a. Amurkar da ya dawo ya tarar ta sauya. Jini ya huce. A 1866 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Milligan, ta ce ba a kai farar hula kotun soja a inda kotunan farar hula suke aiki. Wannan hukunci ya zo wa Mary a makare. Ɗanta ya ci moriyarsa. Aka kai shi kotun farar hula, gaban alƙali George Fisher, da mutum goma sha biyu daga cikin jama'a masu yanke hukunci. Ya samu gogaggun lauyoyi. Aka yi wata biyu cur, daga Yuni zuwa Agusta, shaidu wajen 170.

Duk shari'ar ta tattaru a kan tambayarmu. Ina yake a daren?

Masu gabatar da ƙara suka kawo mutanen da suka ce sun gan shi a Washington ranar. Wani mai aski ya ce ya yi masa gyaran fuska da safe, tare da Booth suka shigo. Wani sajan, Joseph Dye, ya ce ya gan shi a ƙofar gidan wasan da dare, yana duba agogo yana faɗin lokaci da ƙarfi, kamar mai ba da sanarwa ga wasu. Shaida ce mai nauyi in ta tabbata. Sai dai yawancin waɗannan mutane ba su san shi ba kafin ranar. Fuskar baƙo suka gani sau ɗaya, suka zo suna tunawa bayan shekara biyu, bayan hotonsa ya zaga ƙasa.

Lauyoyinsa kuma suka kawo mutanen Elmira. 'Yan kasuwa ne, masu shagon tufafi da teloli, ba su da alaƙa da Kudu, ba abin da za su ci in an sake shi. Me ya sa suka tuna shi? Rigarsa. Ya shigo shagonsu da wata irin riga mai tattara da ɗamara a ƙugu, ɗinkin Kanada, wadda ba a saba gani a garin ba. Tela kuwa ko ya manta fuskarka, ba ya manta ɗinki. Suka ce sun gan shi a garin a ranakun nan, kafin kisan da kuma bayansa. Sai masu ƙara suka koma lissafin jirgin ƙasa. Suka yi ta haɗa wannan jirgi da wancan, don su nuna zai iya barin Elmira ranar Alhamis, ya kwana yana tafiya, ya iso Washington safiyar Juma'a. Tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Lissafin ya yi tsauri ƙwarai.

Alƙali Fisher bai ɓoye inda ya karkata ba. Ya nuna wa masu yanke hukunci cewa wanda ya shiga makirci yana da alhakin abin da makircin ya haifar, ko yana wurin ko ba ya wurin. Duk da haka suka kasa haɗa baki. Takwas suka ce a sake shi, huɗu suka ce yana da laifi. Shari'a ta watse. Gwamnati ta so ta sake tuhumarsa da wani laifin, na taimakon 'yan tawaye, sai aka tarar wa'adin da doka ta ba da na shigar da irin wannan ƙara ya wuce. A 1868 ya zama ɗan kansa. Gudun da ya yi shi ya cinye mafi yawan wa'adin.

Kada in yi muku rufa-rufa. Ita ma wannan kotu ba ta kuɓuta daga son rai ba. An lura cewa ƙuri'un sun bi asalin mutanen, 'yan Kudu suka karkata gare shi, 'yan Arewa suka juya masa baya. Amma an yi komai a fili. An yi wa kowane shaida tambayoyi har ya yi gumi. Su Lloyd da Weichmann sun sake tsayawa, lauyoyi suka yi ta tankaɗe maganarsu. A wannan shari'ar ce ma maganar takardar neman sassaucin nan ta fito fili, jama'a suka ji cewa biyar daga alƙalan uwar ba su so a kashe ta ba. Uwa ta samu mako bakwai a gaban hafsoshi masu fushi. Ɗa ya samu shekara biyu, da kotun da take sauraro.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. A Disamba 1870, John Surratt ya tsaya a garin Rockville na Maryland, aka biya kuɗin shiga, ya ba da lacca. Ya amsa shirin sace Lincoln, har da alfahari. Ya musanta kisa. Ya ce Weichmann maƙaryaci ne. Da ya zo kan uwarsa, sai ya ce waɗanda suka ɓoye shi sun yi ta tabbatar masa ba abin da zai same ta, sun kuma hana shi ganin jaridu, sai da aikin gama ya gama ya sani. Ni wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Mutumin da sana'arsa ita ce satar labari ta tsakiyar sojojin abokan gaba, a ce ya yi wata biyu bai iya sanin halin da mahaifiyarsa take ciki ba? Na yarda ko da ya fito, mai yiwuwa su biyun za a rataye. Amma bai gwada ba. Ko wasiƙa ɗaya da za ta ɗauke mata nauyi bai aika wa kotu ba.

Ga hukuncina, masu sauraro. Na fi gaskata mutanen Elmira. Na fi karkata ga cewa John Surratt ba ya Washington a daren nan. Shawarar kisa ta ƙullu ne a kwanakin ƙarshe, bayan Booth ya ji Lincoln ranar 11 ga Afrilu yana maganar ba wasu baƙar fata 'yancin zaɓe, kuma a lokacin John ya riga ya bar gari. Amma rashin kasancewarsa a wurin bai wanke shi ba. Shi ya tara mutanen. Shi ya ajiye bindigogin. Shi ya shata hanyar da Booth ya bi ya gudu. Kuma wanda ya fita da makami don sace shugaban ƙasa ya san ana iya zubar da jini. Ya yi duk wannan ne don kare gwamnatin da aka kafa a kan bautar da mutane irinmu. Ya cancanci hukunci mai tsanani, bai samu ba. Uwarsa ta cancanci shari'a mai natsuwa, ita ma ba ta samu ba.

Waɗanda suka rage a kurkuku, har da likita Mudd, Johnson ya yi musu afuwa a 1869. Da an bi roƙon hafsoshin nan biyar, da wuya a ce ba a sake ta tare da su ba. John kuwa ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya yi aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a Baltimore. Ya rasu a kan gadonsa a Afrilu 1916, yana da shekara 72.

Iyayena da 'yan'uwana da ke saurare, ina da roƙo gare ku. Duk ranar da kuka ji an kama uwa, ko mata, ko ƙane, saboda wanda ake nema ya ɓace, kada fushin laifin da aka yi ya hana ku tambaya. Ku tambayi me ita kanta ta aikata. Ku tambayi wace kotu za a kai ta, kuma wa zai tsaya mata. Ku yi tambayar tun mutum yana da rai. Lauyoyinmu da malamanmu da ke jin wannan shiri, muna son jin ta bakinku a kan wannan shari'a.